Wayar da Ta Tona wa Kaka Asiri

"Kin kashe ni!" in ji Kaka Sale. "Daga Wurno har Goronyo, ba sauran inda zan sa ƙafa!"

Kaka dai yana da ciwon suga, ga mantuwa. Jikarsa Raihana kuwa ta koyi saita waya a makaranta. Ba ta tambaye shi ba, ta naɗi muryarta a wayarsa don ta riƙa tuna masa da magani.

Ran kasuwar Goronyo, Kaka yana tsakiyar dillalan albasa, ga surukinsa a gefe. Sai aljihunsa ya kwarara ihu: "Kaka, sha maganin suga! Kuma ka bar satar rake!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Mutumin da ke cika bakin ko ciwon kai bai sani ba!

Da dawowarsa ya cusa wayar cikin buhun gero, ya ɗaure.

"Ba waya, ba magani. Na gama!"

Raihana ta turo baki. "Ni taimako na yi. Ba ni ba da haƙuri."

Kowa ya ja daga. Ba a jima ba ƙishirwa ta addabi Kaka, jiri ya zaunar da shi a lambu. Sai da Baban Raihana ya kai shi asibiti a babur. Raihana ta sha kuka.

Innarta ta ce mata, "Wa ka ciwon, ke ko shi? Kin tambaye shi mi shika so?"

Da aka sallamo Kaka, Raihana ta tono wayar, ta durƙusa.

"Kaka, yi haƙuri. Yaya kaka son ta tuna maka?"

"Yanzu kika yi batu, amarya. Kada ta ambaci suga. Ta yi kukan zabo kawai, lokacin kalaci da lokacin tuwo. Ni na san mi zabon ka nufi."

Haka ta saita. Zabo na kuka, Kaka na shan magani, ƙarfinsa ya dawo. Raihana ta gane: in za ka taimaki mai ciwo, fara da tambayarsa. Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.

"Amma Kaka," in ji ta, "ai a hankali na sa muryar nan."

Kaka ya sosa gemu, ya waiga.

"Ni na ƙure ƙarar, don dillalai su san ni ma ina da waya. Kada ki gaya ma kakarki."