Ƙofar Yaya Wonho

"Wannan ba ke ba ce, Dasom!"

Taegyu ya juyo mata da kwamfutar. Aikinsa ke nan a jami'arsu da ke birnin Daegu na ƙasar Koriya, taya ɗalibai rubuta takardar bayanin kai ta neman digiri na uku. A nan suka haɗu, a nan ta fara son sa.

"'Tun ina ƙarama nake son taimakon mutane.' Haba 'yar gilashina! Kowa da wannan yake farawa, har mai neman karatun kifi!"

Ta gyara gilashin idonta, ta turo baki. "To ka ba ni abina."

"Ba zan bayar ba. Me ya sa ilimin halayyar ɗan Adam? Gaya mini gaskiya, zuciyata..."

Sai ta ba shi labari. Yayanta Wonho ya faɗi jarrabawar aikin gwamnati, ya shiga ɗakinsa ya rufe, shekaru ke nan bai fito ba. Mama tana ajiye masa abinci a bakin ƙofa. In baƙi za su zo, a ɗauke takalmansa daga mashiga, a ce yana aiki a birnin Busan.

Taegyu ya riƙe hannunta. "Shi za ki rubuta."

Ta rubuta tana kuka. Shi waƙafi da aya kawai ya gyara.

Ranar da zai fara gaida iyayenta, da kanta ta ɓoye takalman Wonho. Ta manta abu ɗaya: ba ta ja wa Taegyu kunne ba.

Ya zo da kwalin tuffa, ya durƙusa har ƙasa. Mama sai murmushi take.

"Ci, ɗana, ci! Dubi yadda ka rame, karatu ya cinye ka!"

Baba ma har ya fara dariya. Sai Taegyu ya zaro wani ƙaramin ƙunshi, ya miƙa da hannu biyu.

"Wannan safa ce ta Yaya Wonho. Bai dace in shigo gida ban gaida babba ba. Ko ta bayan ƙofa ne..."

Cokalin Mama ya faɗi.

"Ɗana yana Busan," in ji Baba.

Taegyu ya dubi Dasom. Ta sunkuyar da kai.

"Wa ya gaya maka?"

"A takardarta ne, Baba. Ta rubuta shi da ƙauna, in kun karanta..."

"Takarda?" Baba ya miƙe. "Wadda za a kai wa farfesoshi? Abin da ko ƙanwata ba ta sani ba? Dasom! Ke kika rubuta?"

Ta ga fuskar Mama, ta ga ƙofar Wonho a rufe.

"Shi ne... shi ya rubuta, Baba. Ni hira kawai na yi masa."

Taegyu bai ko kalle ta ba. Ya sake durƙusawa, goshinsa a ƙasa.

"Laifina ne. Ku gafarce ni."

Ya sa takalmansa ya fita. Ba ta raka shi ba.

Washegari da rana, iyayenta sun tafi kasuwa, ta ji abin da ta daɗe ba ta ji ba.

"Dasom..."

Ta rugo ta zauna a bakin ƙofar. "Yaya?"

"Me aka rubuta a kaina? Karanta mini."

Ta karanta masa har ƙarshe.

"Wannan ba rubutun baƙo ba ne," ya ce a hankali. "Wa ya san ina tari sau biyu in na gode da abinci, in ba ke ba? Ki aika takardar, ƙanwata. Kuma ki ce wa yaron nan... safar ta yi mini."

Ta fita da gudu har ofishinsa. Yana tare da wata ɗaliba, sai da ta jira ya gama.

"Taegyu, Yaya ya yi magana! Ya ce in aika!"

"Na yi murna." Da gaske yake, ta gani a idonsa.

"Ka yafe mini, masoyina. Tsoro ne... Zan gaya wa Baba gaskiya yau ɗin nan!"

"Ki gaya masa, saboda ke." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma na yi wauta da safar nan. Amma da goshina yana ƙasa, ina ta jira ki ce wani abu, Dasom. Ko sunana ne kawai."

"Zan faɗa yanzu! Taegyu... Taegyu!"

Ya yi murmushi, idonsa ya ciko.

"Za su ɗauke ki. Takardar tana da kyau." Ya buɗe ƙofa, ya leƙa wajen masu jiran layi. "Na gaba ya shigo."

Ta matsa gefe ta ba wani saurayi hanya, hawaye na zuba a kan gilashinta.