Waƙar da Ululani Ta Cire wa Suna

Ululani na zaune a ɗakin da take haya a Honolulu, tana ɗaura wa ukulele, 'yar ƙaramar jitarta, sabuwar tsirkiya, sai saƙo ya shigo wayarta. Daga Pili ne, ƙanwar saurayinta Keawe.

"Anti Ulu, Kaka ta ga bidiyon bikin Turawan nan. Ta sa na maimaita mata, sannan ta tashi ta shige ɗaki. Yaya ma ya gani. Ya tafi gona, ya bar wayarsa a kan tebur."

Ta kife wayar a cinyarta. Babu kowa a ɗakin, amma sai da ta rufe fuska da tafin hannu.

A kasuwar Asabar ta garin Kaunakakai suka fara haɗuwa da Keawe, lokacin da ta je tsibirin Molokai wajen gwaggonta. Ta buɗe akwatin ukulele a bakin titi tana rera waƙoƙin da ta tsara da kanta. Ba ta da kamfani, ba ta da manaja, faifanta ma a jaka take yawo da shi. Shi kuma gwaza ya kawo a bayan tsohuwar motarsa. Ya tsaya ya saurara har ta kai ƙarshe, maimakon dala sai ya ajiye mata ƙaton gwaza a cikin akwatin.

Ta ce, "Ɗan'uwa, me zan yi da wannan?"

"Ki dafa. Daga jin muryarki ba ki karya ba."

"Kai kuma daga ganin ƙafarka ba ku taɓa gaisawa da sabulu ba."

Ya dubi ƙafafunsa da taɓon gona ya bushe a kai, ya yi dariya har da riƙe mota. Tun daga ranar ta sa masa Sarkin Taɓo, shi kuma yana ce mata Tsuntsuwa.

Kaka Melia ce ta raine shi, shi da Pili, kuma tun zuwan Ululani na farko ba ta kwanta mata ba. Bangon gidan na katako ne, da kunnenta ta ji tsohuwar tana yi masa faɗa a kicin.

"Mai waƙa a otal? Mai yi wa duk wanda ya sauko daga jirgi murmushi? Ga 'yar fasto nan mai aikin asibiti, yarinya natsattsiya. Mawaƙan nan duk abin da ke bakinsu na sayarwa ne."

Ululani ta yi kuka a mota, ta rantse sai ta nuna wa tsohuwar ba haka take ba.

Keawe yana da wani suna banda wanda kowa ya sani, dogon suna da Kaka ta jiyo a mafarki kafin a haife shi. 'Yan gida kaɗai ke kiran sa da shi, kuma ba za a rubuta shi a nan ba. Wata rana suna tsaye cikin ruwan gonar gwaza, taɓo har gwiwa, ya faɗa mata shi a kunne. Ta koma Honolulu ta tsara masa waƙa da sunan, da ruwan saman kwarinsu, da rafin da ke shayar da gonar. Ba ta taɓa yin waƙa mai kyanta ba. Da ta rera masa sai ya juya mata baya, wai hayaƙi ne ya shiga idonsa, alhali babu wuta a wurin.

Waƙar da aka yi da sunan mutum tasa ce, shi da danginsa. Ko wadda ta tsara ta sai ta nemi izini kafin ta kai ta wani wuri. Ululani ta san haka tun tana ƙarama.

Sai ga bikin wasu Turawa baƙi daga jihar Ohio a wani otal na bakin teku, aka ɗauki Ululani ta yi musu waƙa. Amarya tana son sabuwar waƙa da sunan angonta, kuma an ce akwai mutumin wani kamfanin faifai a cikin mahalarta. Ululani ta gaji da waƙa a gefen masu cin abinci, cokula na ƙara, babu mai saurare. Ta zauna ta tsara sabuwa, duk abin da ya fito ba shi da gishiri. Ranar bikin sai ta cire sunan Keawe daga waƙarsa ta sa na angon, Trevor. Sunan bai cika gurbin ba, sai da ta ja shi kamar roba. Ta ce a ranta wa zai ji a Molokai. Wani ya ɗauka a waya, kafin mako ya zagayo bidiyon ya karaɗe ko'ina.

Bayan saƙon Pili ta kira Keawe har ta gaji. Ta rubuta masa:

"Sarkin Taɓo, don Allah ka ɗauka. Ba ni da bakin magana, amma ka ɗauka."

Sai washegari amsa ta zo.

"Wa kike nema? Nan ba gidan su Trevor ba ne."

Can anjima wani ya biyo baya.

"Kaka ta ce ki zo ran Lahadi bayan an tashi coci. Ki taho da ukulele."

Kafin Lahadin mutumin kamfani ya kira ta. Suna son waƙar, za su buga ta, za su kai ta biranen da ba ta taɓa mafarkin gani ba. Abin da take jira kenan tun tana 'yar makaranta.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, waƙar ba tawa ba ce."

"Ba ke kika tsara ta ba?"

"Ni na tsara. Amma ba tawa ba ce."

Ya ce idan tana da wata irinta ta neme shi. Dukkansu sun san ba ta da ita. Ta roƙi amaryar ta sauke bidiyon, ta sauke, sai dai wasu sun riga sun kwafa.

Ran Lahadi ta tarar an shimfiɗa tabarmi a barandar Kaka Melia. Kawunnai da gwaggonni sun zauna da kayan cocinsu, irin zaman da ake yi idan abu ya ɓaci a gida, ba mai tashi sai an warware. Keawe na can ƙarshe, idonsa a ƙasa. Kaka ta yi addu'a, sannan ta dube ta.

"Yarinya, yi mana waƙar."

Ululani ta ɗaga ukulele.

"Ba ta gidan nan ba," in ji Kaka. "Yadda kika yi wa Turawan."

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta fara. Ta rera ruwan saman kwarinsu, a gaban mutanen da ruwan ke sauka a kan rufinsu. Ta rera rafin, ga shi nan ana jin kukansa a bayan gida. Da ta iso wurin sunan sai ta daina rerawa. Yatsunta suna ta maimaita kiɗan, suna zagayowa wuri ɗaya, bakinta ya ƙi buɗuwa, hawaye na ɗiga a kan katakon. Babu wanda ya motsa.

Daga ƙarshen tabarma sai ga muryar Keawe, muryar da ko a coci ake roƙon ya rage.

"Tireeeebooo," ya ja sunan angon, har da karkata kai.

Kawu Palani ne ya fara ƙyaƙyacewa, sauran suka bi. Gwaggo Hina ta kai masa duka da mafici tana dariya tana hawaye. Kaka Melia kaɗai ba ta yi ba.

Ululani ta ajiye ukulele ta durƙusa gabanta.

"Kaka, kin faɗa, kuma na tabbatar miki. Na san haramun ne, na yi. Ban da hujja."

Tsohuwar ta dube ta.

"Pili ta ce kin kori mai kamfani."

"E."

"Wannan wautarki ce, ban sa ki ba." Ta gyara zama. "Waccan waƙar ta tafi, ki bar wa Bature kayansa. Sunan jikana ba zai koma inda aka taɓa cire shi ba. Idan har yanzu kina son shigowa gidan nan, ki yi wata. Kuma ba ta waya ba."

"To, Kaka."

"Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Pili, kawo abinci."

Aka kawo kirɓaɓɓen gwaza da kifi, kowa ya sa hannu. Bayan an watse Keawe ya raka ta bakin mota.

Ta ce, "Ka yafe mini?"

"Ban gama ba tukuna. Ranar da na gani, Tsuntsuwa, ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa."

"To me ya sa ka taimake ni?"

"Na ga za ki sa mu kwana a kan tabarma."

Sabuwar waƙar ta ba ta wuya, sai da gwazan da suka dasa tare ya isa cira kafin ta gama. Aka ɗaura aurensu a ƙaramin cocin kwarin, aka yi liyafa a tsakar gida. Pili ta bi mutane da kwandon gwaza tana karɓe wayoyi, har da ta fasto. Ululani ta rera, da ta iso sunan ta faɗe shi cikakke, ba ta yi tuntuɓe ba. Kaka Melia ta cire furannin wuyanta ta rataya mata, ta ɗora hannu a kan su biyun.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu murya irin ta uwarsu."

Ululani ba ta yi suna a duniya ba. Kasuwanni, bukukuwa, ƙananan wuraren cin abinci, faifai a jaka, haka ta ci gaba, kuma sun ci sun sha. Sun yi zamansu har 'ya'yansu suka girma, sannan ciwon zuciya ya ɗauke Keawe a gonarsa, da rana tsaka.

Har yau tana gidan. Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan kofi, takan ja tagar kicin ta rufe, ta rera baitin farko na waƙar aurensu a hankali, sannan ta buɗe tagar.