Ranar da Kaka Ya Tuƙa Jirgi

Auta yarinya ce mai son jirgin sama. Ko abinci take ci, da ta ji ƙararsa sai ta ajiye cokali ta fita tana ɗaga kai.

Wajen Kaka ta gaji wannan. Kaka ya yi aikin lodin kaya a filin jirgi har ya tsufa, amma bai taɓa ko leƙa wurin zaman matuƙi ba.

Da ya zo musu ziyara, Auta ta ce, "Kaka, kafin ka koma gida sai ka tuƙa jirgi. Na yi alkawari."

"Ni? Da wannan gwiwar tawa?"

"A kwamfuta ne. Kana zaune za ka tashi sama."

Baba ya riga ya sayo wasan koyon tuƙin jirgi, har da sandar tuƙi. Abu biyu suka rage: faifan ajiya, da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Ya aiki Auta da kwamfutar zuwa shagon Kawu mai gyaran kwamfuta.

"Ki tambaye shi kafin ki zaɓi komai," in ji Baba.

Ta tarar da Kawu yana fama da wata kwamfutar. Ya ajiye mata faifai biyu a kan tebur. Ɗaya babba ne mai nauyi. Ɗayan siriri ne kamar biskit.

"Jira ni in gama, in yi miki bayani," ya ce.

Ina! Auta ba ta san jira ba. A ganinta, tunda jirgi babba ne, faifansa ma sai babba. Manhaja kuwa sai sabuwa fil, wadda 'yan ajinsu suke ta yabo.

"Kawu, na zaɓa."

"Kin duba abin da wasan yake buƙata?"

"Ai na sani."

"To, masaniya," in ji Kawu. Ya haɗa mata yadda ta ce.

A gida Kaka ya saka tabarau, ya gyara zama, ya kama sandar tuƙi. Jirgi ya fara tafiya, ya tsaya cak. Ya ɗan matsa, ya sake tsayawa. Kaka ya ja sanda, jirgi ya yi kunnen uwar shegu da shi. Can sai ga shi ya kafa hanci a cikin ciyawa.

"Gara da ban ɗauki fasinja ba," Kaka ya ce yana dariya.

Amma Auta ta ga yadda ya saki sandar a hankali. Ga shi gobe zai tafi. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta fashe da kuka.

"Kin tambayi Kawunki?" in ji Mama.

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kuka ba ya gyara kwamfuta. Ɗauki ki koma."

A shago ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Ban sani ba na ce na sani."

Kawu ya yi murmushi. "Yanzu kika zo. Babban nan yana cin kaya da yawa, amma nawa gare shi. Siririn shi ne mai sauri. A kansa za mu sa manhaja da wasan. Babban ya riƙe sauran kayanki."

"Sandar fa? Me ya sa ta ƙi?"

"Sabuwar manhajar ba ta san ta ba tukuna. Wadda ta gabace ta za mu sa."

Auta ta kai har yamma a shagon tana miƙa masa sukurdireba. Ta yi ta tambaya har Kawu ya ce kunnensa ya gaji.

Da safe jakar Kaka tana bakin ƙofa. Ya zauna ya kama sanda. Jirgi ya tashi sumul, ya ratsa gajimare.

Da ya zo sauka, Auta ta ce, "A hankali, Kaka. Ja baya kaɗan. Yauwa!"

Tayoyi suka taɓa ƙasa lafiya. Kaka ya saki sandar. Ya cire tabarau ya share idonsa.

"Na gode, Auta," ya ce. "Yau na tuƙa jirgi."

Baba ya danna hon ɗin mota a waje.

"Ya jira!" in ji Kaka. "Sai na ƙara zagaye ɗaya."

Tun daga ranar Auta ta daina cewa ta san abin da ba ta sani ba. Ta gane cewa ba girman abu ko sabuntarsa ake dubawa ba, dacewarsa da aiki ake dubawa. Kuma matambayi ba ya ɓata.