Angar da Aka Dasa da Siminti

A kasuwar Bab Makka Musbahu ya fara ganin Mastura, ta kawo wa babanta abinci shagon yadi, baban kuma ya tafi sallah. Yadin labule Musbahu yake nema, mai ratsin fari da shuɗi. Ta zaro masa wani da ya daɗe ba mai taya shi, tana danne dariya ta tambaye shi ko rigar matuƙin jirgi zai ɗinka. Ya ce shi kafinta ne, kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ba shi gyaran wani tsohon gida a bakin teku, wai so yake duk wanda ya shiga ya ji kamar a jirgin ruwa yake.

Wallahi tagogin gidan nan ba su kai yawan zuwan da ya yi sayen labule ba.

"Tauraruwata, yau na shafa wa bango shuɗi, ke nake ta gani a ciki," ya rubuto mata a waya.

"Kyaftin, ka dai kula kar fenti ya zube," ta mayar masa.

Sai ga Rafi'u, maƙwabcin su Mastura a unguwar Mahjar da ya daɗe yana sonta, ya kai wa babanta Malam Abdulghani gulma: kullum ana ganin Musbahu a tashar jiragen ruwa yana sayen igiya da fitilar jirgi, ba shakka shirin tafiya yake. Tsohon ya ji maganar har cikin ransa, don mijin babbar 'yarsa Turai ta nan tashar ya tafi, ya bar ta da yara, har yau shiru. Ya ce halas, magana ta ƙare, ba zai sake ba wa mai tafiya 'ya ba.

Mastura ta sha kuka. "Da gaske tafiya za ka yi?" ta rubuta wa Musbahu.

"Ki roƙi Baba ku zo ku gani, bayan Juma'a."

Da ƙyar Malam ya yarda. Da suka je gidan, suka tarar da tagogi zagayayyu, igiya a naɗe jikin bene, tsohon sitiyarin jirgi a bangon falo, ga labulen shagonsa iska na kaɗawa. A baya akwai ɗaki da falo da kafili ya ba Musbahu, don shi zai ci gaba da kula da gidan. Bakin ƙofar kuwa, wani ƙaton ƙarfe mai ƙugiya ne a tsaye.

"Wannan fa?" in ji Malam.

"Anga ce, Baba. Ita ake jefawa idan jirgi ya iso inda zai tsaya. Ni da siminti na dasa tawa."

Malam ya kama ƙarfen da hannu biyu ya jijjiga, ko motsi bai yi ba. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Yalla, je ka turo min manyanka," ya ce.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Turai da kanta ta riƙo hannun ƙanwarta har bakin angar nan, tana hawaye tana cewa Allah Ya zaunar da su, Ya sa albarka.