Farar Rigar Amarya

Da hantsi ne, ana yayyafi, aka kira shi gyaran firji a ɗakin bincike na jami'a. Ya tarar da wata budurwa mai bincike tsaye cikin farar riga, ta rungume akwatin ƙanƙara kamar mai riƙe da jariri.

"Injiniya, in sanyin nan ya tafi, wahalata ta shekaru ta bi ruwa."

Yana gyara tana ba shi labari. Ƙwayoyin halittar jikin mutum take reno a kwalabe, tana bin diddigin yadda suke ƙona suga, don ciwon suga ne ya ɗauke babanta.

Firji ya tashi. Shi kuwa ya yi ta dawowa duba shi, alhali lafiyarsa lau.

"Firjin ne ba lafiya ko kai?" in ji ta, tana murmushi.

Da maganar aure ta taso, Innarsa ta tubure. "Macen da ko ranar hutu sai ta fita ba wa kwalba abinci? Ga 'yar ƙanwata a zaune. Ko ta ajiye aikin, ko ka ajiye ta."

Ya tura mata saƙo: "Farar Rigata, Inna ta ce sai kin bar aiki."

Amsa ta zo nan take: "Injiniyana, ina son ka har raina. Amma in ban sauya musu ruwan abinci ba, mutuwa za su yi. Ba zan bari ba. Ka zaɓa idonka a buɗe."

Ya je ya durƙusa. "Inna, ban taɓa yi miki musu ba, yau ki yafe mini. A bakin aikin na gan ta, a kansa na so ta. In ba ita ba, na haƙura da auren."

Inna ta ɗauke masa wuta, sai da kawunsa ya sa baki. "Ku je ku yi," ta ce, "ni 'yar kallo ce."

Aka ɗaura aure, dangi suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya. Washegari amarya ta shirya fita, lalle bai ko dushe ba, ƙawaye na salati. Ta nemi farar rigarta cikin kaya ta rasa.

A ƙofar gida suka ga rigar, rataye a jikin babur ɗin ango, an wanke an goge. Inna na can ta juya baya tana shara, dutsen guga na hucewa a ƙofar ɗakinta, ba ta ko ɗago ba.