Sitiyarin Motar Sajo

Dab da magariba, Nata'ala bakanike yana tattara kayan aiki a garejinsa na Gwarzo, sai ga wata akori-kura ta shigo, duk laka. Bai ji ƙarar injinta ba.

Direban ya yi sallama, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Malam, duba min sitiyari. Tun da na ratso gonakin Gude take janyewa hagu."

Nata'ala ya shiga ƙarƙashinta da tocila. Ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya ya karye, tayoyin gaba kowacce ta kama gabanta.

Ya ce, "Wannan ya daɗe da tsagewa, ga tsatsa nan. Ko wa ke tuƙi sai ta ƙwace masa."

"Ashe ba gangancina ba ne?" in ji direban. "Don Allah ka faɗa wa matata Zinnira. Gani take ni na kashe 'yarmu."

Nata'ala ya waiga. Ƙafafun mutumin suna ɗigar ruwa, ba su taɓa ƙasa ba. Zinnira dai matar Sajo ce, wanda motarsa ta faɗa rafi, aka tsamo gawarsa tare da ta 'yarsa. Da Nata'ala aka sallace su ranar Juma'a.