Sifili Arba'in da Ɗaya

"Ka ce me?!"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da abokan aikinmu suka leƙo ta gilashin ɗakin bincike. Dogo ya tashi ya tura ƙofar ofishinsa, ya dawo ya tsaya a gabana kamar mai jiran hukunci.

"Na ce Baba ya ce kar in sake taka masa gida. Ya kuma ce... a dakatar da maganar aurenmu."

"Saura sati shida fa! Me ka yi masa?"

"Auta, zauna mana."

"Ba zan zauna ba! Me ka yi wa mahaifina?"

Dogo shi ne masanin lissafin cibiyarmu, shi yake tace alƙaluman duk binciken da muka yi. Ni likita ce, ina duba jariran matan da ke ɗauke da ƙanjamau. Baba kuwa shi ne Farfesan da ya kafa cibiyar. Shekara talatin yana binciken wannan cuta, tun zamanin da ake tura wa masu ita kwanon abinci da ƙafa.

Abin da ya fito da sunansa duniya wata takarda ce da ya buga shekara goma sha biyu da suka wuce. Ya bi jarirai ɗari shida, ya nuna cewa maganin kariya na gajeren lokaci yana yi musu aikin da na dogon lokaci yake yi. Masana sun kafa hujja da ita fiye da sau dubu biyu, asibitoci da dama sun sauya tsarinsu saboda ita. Wata mai zuwa ma za a sa wa sabon ginin cibiyar sunansa.

Dogo ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajena.

"Shi ya ba ni tsofaffin alƙaluman, ya ce in shirya su saboda bikin ginin. Dubi nan. Jarirai arba'in da ɗaya ba a dawo da su gwajin ƙarshe ba. Kamata ya yi gurbinsu ya zama babu komai. Amma an sa musu sifili."

"To sai me?"

"Sifili yana nufin an gwada yaro ba shi da cutar. Kuma yawancinsu masu shan gajeren maganin ne. In aka cire su, ba za mu iya cewa gajeren ya kai dogon ba."

"Kana nufin Baba ƙarya ya yi?!"

"Ban ce ba, wallahi ban ce ba! Cewa na yi ba mu sani ba. Shekara goma sha biyu muna cewa mun sani, alhali ba mu sani ba. Na roƙe shi ya rubuta wa mujallar ya gyara. Na ce in wata guda ya cika bai rubuta ba... ni zan rubuta."



"Mutumin da ya ɗauke ka aiki? Mutumin da yake ce maka ɗana? Shi kake ba wa wa'adi?"

"Rabin raina, ki saurare ni..."

"Kar ka sake kira na haka! Wa ya shigar da sifilin?"

Ya kawar da kai ya dubi taga. "Ban... ban bi ta nan ba."

Na ɗauki jakata na fita, na bar masa ƙofar a buɗe.

Da la'asar na samu Baba a ɗakin karatunsa, tabarau a goshi, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Umma tana bakin ƙofa tana ninke abin da ta riga ta ninke.

Na durƙusa. "Baba, na ji abin da ya faru. Ni ina bayanka. Amma me zai hana mu ɗauko takardun asali mu nuna masa kuskure ya yi? In ya ga..."

"A'a!"

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya daka min tsawa ba. Har Umma sai da ta zabura.

"Takardata ce, sunana ne a kanta. Babu ruwanki! Kar in ji kin taka ɗakin ajiya, kin ji ni ko?"

"Na ji, Baba."

"Yaron nan kuma ki cire shi a ranki."

Na fito hawaye na zuba. Umma ta biyo ni ta riƙo hannuna, ta yi ƙasa da murya.

"Kwana uku ke nan bai ci abin kirki ba. Na zauna da babanki shekara talatin da takwas, Auta. Na ga an zage shi a jarida ya yi dariya. Wannan ba fushi ba ne, tsoro ne. Abin da ban sani ba, tsoron me."

Washegari da safe na duba jarirai tara. Uku daga cikinsu na rubuta musu gajeren maganin nan. Ina sallamar ta ƙarshe na sauka ɗakin ajiya, karo na farko a rayuwata da na saɓa wa Baba.

Kwalayen suna can ƙasan kanta, ƙura ta rufe su. Na jawo na farko na zazzage. Fom ɗin jarirai ne, kowanne da lambarsa. Na nemo lambobin da na gani a kwamfutar Dogo.

Gurbin gwajin ƙarshe babu komai. A gefensa kuwa an rubuta ɗan sifili da koren biro, an ja masa layi a ƙasa. A kusurwar takardar, inda mai shigar da bayani yake sa hannu...

Sa hannuna ne.

Na zube a kan siminti. Komai ya dawo min. Ina 'yar shekara sha tara, na zo hutun shekarar farko a jami'a, na dami Baba sai ya ba ni aiki. Kwamfutar tana ƙin wucewa in aka bar gurbi babu komai, sai ta yi ta ƙara. Ni kuma da wayona na gano in na sa sifili tana yin shiru. Cikin sati guda na gama aikin wata guda. Baba ya yi ta nuna ni ga abokansa yana cewa, "Ku ga magajiyata!"

Ban san lokacin da na kira Dogo ba. Da gudu ya sauko, ya tsaya cak da ya ga fom ɗin a cinyata.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana tara."

"Kwana tara kana kallona ina dariya ina zaɓen labule?!"

Ya tsuguna nesa kaɗan da ni, idanunsa jajir.

"Na rasa bakin da zan gaya miki. Na je wajen Baba na ce a gyara ba tare da an ambace ki ba. Ya ce mujallar sai ta nemi takardun asali, sunanki zai fito, za a karɓe binciken da aka ba ki shugabancinsa bana. Ya ce gara a kira shi azzalumi da a taɓa ki. Ni kuma... Auta, ina son ki, Allah ya sani. Amma kullum na wuce ta gaban asibitin nan sai na ji kukan jarirai. Na kasa yin shiru, na kuma kasa gaya miki."

"Ka bari na zage ka jiya."

"Ai gara zagin."

Na share fuskata da mayafi. "Ɗauko min kwalin can. Gida za mu."

"Baba ya ce kar in..."

"To ka tsaya a bakin ƙofa!"

Baba yana ganin kwalin a hannuna ya miƙe tsaye. Bai yi faɗa ba. Komawa ya yi ya zauna a hankali, sai na ga tsufansa ƙarara.

"Na hana ki..."

"Ka hana ni, Baba, ka yafe min. Amma yau da hannuna na rubuta wa jarirai uku maganin nan. Uwar ɗaya ta tambaye ni, 'Likita, kin tabbata ya isa?' Na ce mata na tabbata. Gobe wasu za su zo. Me zan ce musu?"

"Ke yarinya ce lokacin!" Muryarsa ta fashe. "Ni na ba 'yar shekara sha tara aikin da ya fi ƙarfinta. Ni ne ban duba ba, ina sauri kar wasu su riga ni bugawa. Laifina ne! Don me za ki biya?"

"To mu faɗa musu haka. Ni na rubuta, kai ba ka duba ba. Kowa ya ɗauki nasa."

"Za su karɓe aikinki, Auta."

"Su karɓa! Baba, kai ka koya min kar in rubuta abin da ban auna ba. Yaran nan arba'in da ɗaya... har yau babu wanda ya neme su, saboda ni na ce lafiyarsu ƙalau."

Ya cire tabarau ya kife fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Na rarrafa na dafa gwiwarsa muna kuka tare.

Umma ce ta katse mu, ita ma tana jan hanci.

"To Farfesa, in an gama kukan, akwai ɗan mutane a tsaye cikin rana tun ɗazu. Ga shi dogo, duk maƙwabta sun gan shi ta saman katanga."

Baba bai ce a shigo da shi ba, bai ce a kore shi ba. Takarda kawai ya jawo, ya miƙo min biro.

A ranar muka aika wa mujallar wasiƙar gyara. Washegari Baba ya tara likitocin asibitinmu ya ce a koma dogon magani har sai an sake bincike. Matan nan uku ni na kira su da kaina.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. An janye takardar. An fasa bikin ginin ba tare da an ce komai ba. An kafa kwamiti, na zauna a gabansu sau huɗu, aka dakatar da ni daga bincike na shekara guda. Wasu da suke rusuna wa Baba suka koma sauya hanya in sun hango shi. Wasu kuma daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suka rubuto, suna cewa za su haɗa alƙalumansu da namu a gano gaskiya.

Ni da Dogo muka shiga neman yaran, gida gida, da tsofaffin adireshi. Cikin wata huɗu muka samu labarin talatin da uku. Ashirin da takwas lafiya lau. Biyu sun rasu tun suna ƙanana. Uku suna ɗauke da cutar babu wanda ya sani, aka ɗora su a kan magani.

Mahaifiyar ɗaya daga cikin ukun, wata mai ɗinki, ta saurare ni har na gama ba ta ɗaga ƙafa daga kan kekenta ba.

"Ni ce ban mayar da ita gwaji ba, tsoro nake ji," ta ce. "Amma da kun neme ni, da na zo."

 

Duk tsawon watannin nan Baba bai ambaci Dogo ba ko sau ɗaya, ni kuma ban yi gigin tambaya ba. Sai wata safiya ina ofishin Dogo muna jera sunayen takwas ɗin da suka rage, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Baba ne. Mutumin da tunda aka gina cibiyar nan shi ake bi har ofishinsa.

Dogo ya miƙe da sauri har ya ture kujera. "Ranka ya daɗe..."

"Zauna." Baba ya daɗe yana murza hularsa a hannu. "Na kore ka a kan ka yi abin da na ɗauke ka aiki ka yi. Na hana ka 'yata saboda ka fi ni tausayin 'ya'yan wasu. Ka yafe min, ɗana."

"Haba Baba! Wallahi ni ne..."

"Kar ka katse ni, da ƙyar na haddace." Ya juyo ya dube ni, idonsa ya ciko. "Har yanzu kina son sa?"

Na rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe min.

"Ban ji ba," in ji Baba.

"Ina son sa, Baba..."

Ya kamo hannun Dogo ya riƙe gam da hannu biyu.

"To ka turo iyayenka ranar Asabar. Na ba ka ita. Ka riƙe min ita da gaskiya, ko da gaskiyar za ta sa ta kuka."

Bayan sati uku aka ɗaura mana aure.